Ni da Malamar Kawu Mamman

Duk Matameye cewa ake Kawu Mamman mai gyaran salula ƙazami ne, saboda saƙar gizo-gizon da ta cika kusurwar rumfarsa. Ƙarya ne! Da gangan ya bar ta. Gizo-gizon ma suna ya raɗa mata: Malama.

Kullum in na kai masa koko, ita yake fara gaidawa.

"Malama, an tashi lafiya?"

"Kawu, ni fa na ɗauko kokon!"

"Ke koko kika kawo, Hadiza. Ita ilimi take saƙawa."

Wai a rediyo ya ji masana na haɗa wani abu da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ga ƙarfi, har za a yi salular da ake naɗewa kamar ɗankwali. "Me za su gaya mini? Ga mai aikin nan a rumfata, ko aji ɗaya na lakwal ba ta shiga ba!"

Ya ma gwada nasa. Wani Alhaji daga Kurni ya kawo salula gilashinta ya tsage, Kawu ya manna mata ɓawon albasa da ƙaro. Kwana biyu Alhaji ya dawo.

"Malam Mamman, duk wanda na kira sai na yi hawaye!"

"To ai zumunci ke nan, Alhaji."

Ran da na ci jarrabawar lakwal, da gudu na je. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Madalla." Da Malama ta yi ƙwai kuwa, dabino ya raba wa maƙwabta. Dabino! Wallahi tun ranar na ci alwashin tsintsiya.

Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa, bayan sadakar arba'in ɗinsa, Inna ta ce in share rumfar a ba wani. Na tafi har da rawar jiki. Na ɗaga tsintsiya ke nan, sai na hango ƙunshin tsumma a ƙasan saƙar. Ƙananan ƙarafan aikinsa ne, da madubin da yake duba cikin salula, da 'yar takarda da ajami: "Na Hadiza. Idonta ya fi na Malama. Kada a gaya mata, za ta yi girman kai."

Kai, Kawu! Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

Na gaya wa Inna ba mai karɓar rumfar nan. Zan koyi gyaran, ni zan buɗe ta. Malama ta zauna abinta, amma duk wanda ya shigo, ni zai fara gaidawa.