Rumbun da Muka Liƙe a Gefen Fadama

Mun tashi da asuba daga Azare, mu uku, a lorin wani ɗan kasuwa mai zuwa Katagum sayen busasshen kifi. Shugaban ƙungiyarmu, wanda kowa ke kira Alhaji, yana gaba kusa da direba. Ni da malamin asibiti muna baya a kan buhunan gishiri, mun lulluɓa da tabarma ɗaya saboda yayyafi.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ce, bara aka kafa ta. Akwai 'yan kasuwa a ciki, da teloli, da malaman En'e, wato ma'aikatan hukumar gargajiya. Ni ɗalibi ne, sai lokacin hutu nake zuwa taro, kuma kusa da ƙofa nake zama. Aikinmu na farko shi ne rumbun tsimi. Da kaka kowa ya kawo damin gero gwargwadon ƙarfinsa, muka gina rumbu a wani ƙauye gaba da Sakwa, domin duk damina ruwan fadama yakan zagaye mutanen wurin ya raba su da kasuwa. Ranar rufe shi an yi taro sosai. Alhaji ya hau tsani ya liƙe bakin rumbun da laka da hannunsa, aka yi addu'a, muka dawo gida muna jin daɗin kanmu.

Abin da ya tashe mu yanzu kuwa, wani Bafulatani makiyayi ne ya tare Alhaji ranar kasuwa. Ya ce mutanen ƙauyen sun koma cin bado da ganyen tafasa. Ya ce surukar mai unguwa ta haihu, yunwa ta ƙafar mata da nono, ruwa kawai ake ɗiga wa jaririn. Alhaji ya ce, "Ai suna da rumbu!" Makiyayin ya ce rumbu yana nan lafiya ƙalau, ba wanda ya taɓa shi.

Hanya ba ta san muna sauri ba. Muna isa Gadau muka tarar an gitta sandar shinge, domin in an yi ruwa ba a barin mota ta taka hanya sai ta sha iska. Alhaji ya sauko ya yi wa mai gadi bayani, ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Mai gadin ya saurare shi da ladabi, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, kamar can ne ofishin da zai ba da izini. Muka zauna gindin tsamiya. Wata dattijuwa ta dama mana fura, ana hango ƙasan ƙwaryar ta cikinta. Malamin asibiti ya ce, "Iya, wannan fura ce ko ruwan wanke ƙwarya?" Ta ce, "Malam, je ka tambayi kuɗin mudun gero ka dawo, sai mu yi maganar." Na tambaya daga baya. Ya ninka abin da na bari a Azare, a Azare ma kuka ake yi.

Da aka ɗaga sandar rana ta yi sama. Daga nan tafiya ta koma turi. Gonaki dama da hagu sun yi kore shar, gero ya kai ƙirjin mutum amma bai fitar da kai ba. Ban taɓa lura ba sai a wannan tafiya, lokacin da ƙasa ta fi kyan gani shi ne lokacin da tukunya ta fi zama wayam. Lorin ya kafe a taɓo har na daina lissafi. Ko yaushe sai mu sauko, a sassaro rassa a cusa ƙarƙashin taya, mu tura. Alhaji, wanda ban taɓa ganin ƙura a rigarsa ba, ya naɗe hannu yana turi tare da mu.

Magariba ta same mu a Sakwa, inda za mu rabu da lorin. Wani Babarbare abokin cinikin Alhaji ya sauke mu. Da ya ji malamin asibiti Bafulatani ne sai ya ce a ƙirga awakin gidan kafin a kwanta. Malamin ya ce ai shi ya ga awakin, ko kyauta ba ya so. Muka yi dariya kaɗan, muka ci tuwon dawa da miyar kuka ba mai. Alhaji ya so mu wuce, mai gida ya ce ba mai fiton da zai shiga fadama da duhu.

Gari na wayewa muka bi hanyar ƙafa, ruwa zuwa gwiwa, har inda kwalekwale yake. Fadamar ta zama kamar kogi marar gaɓa, sai kawunan itatuwa da furen bado. Mun wuce mata tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu, suna lalube da ƙafa suna ciro saiwa. Ba wadda ta ɗaga kai. Mai fito ya ce, "Waɗannan na garin da za ku ne."

Abin da na fara lura da shi a ƙauyen shi ne ba a jin daka. Hantsi ya yi, amma babu ƙarar taɓarya ko ɗaya, hayaƙi ma daga gida ɗaiɗai yake tashi. Sai ga rumbunmu a tsakiyar fili. An yi masa sabuwar jinka. An share kewayensa, an zuba toka a gindinsa saboda gara. Duk garin ba abin da ya kai shi samun kulawa.

Mai unguwa ya fito, tsoho ne dogo, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ya tambayi hanya da iyali da ruwa. Alhaji bai iya jira ta ƙare ba.

"Mai unguwa, me ya hana ku buɗewa?"

Tsohon ya nuna saman rumbun. "Alhaji, hannunka ne a bakinsa. Shatin yatsunka yana nan a lakar. A garin nan ko ɗa ba ya fasa rumbun da ubansa ya liƙe. In na hau na fasa naka, gobe me za a kira ni? Me za a kira jikokina?"

"Ai naku ne! Dominku muka gina!"

"An faɗi haka ranar taro, mun ji, mun gode. Amma ba ka ce wane ne zai hau ba."

Sai liman ya ƙara da abin da ya fi ciwo. Ashe sun aika. Tun farkon marka suka tura mutum Azare, ya tarar Alhaji ya tafi Kano. Ya je wajen mataimakinsa, shi kuma ya ce wannan magana ce babba, ba zai shiga gaban Alhaji ba, a bari a yi taro. Taro kuwa ba a yi ba, domin a wajenmu in shugaba ba ya gari ba a zama. Da Alhaji ya dawo ba wanda ya tuna. Samarin ƙauyen sun so su fasa rumbun, dattawa suka hana, suka ce mutanen birni sun ba su amana, ba za a ce sun ci ba.

Alhaji ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini, ya hau tsani, ya fasa lakar da dutse. Ni dai a raina na so a ce geron ya ruɓe, ko gara ta ci, don a sami abin ɗora wa laifi. Ƙamshinsa ne ya fara sauko mana. Ko ƙwaya ba ta lalace ba.

Kafin azahar gari ya cika da ƙarar daka. Aka fara dama kunun kanwa aka kai wa mai jego. Malamin asibiti ya nemi izini ya shiga duba jaririn, ya daɗe, ya fito ya nemi ruwa ya wanke hannu. Na dube shi, ya kau da kai. Daga baya ya ce mini uwar za ta tashi in Allah ya so, amma yaron ko tsotso ba ya iya yi, da a ce makon jiya ne da da magana.

Ana kiran la'asar yaron ya cika. Ba a yi kururuwa ba, daka ce kawai ta tsaya a gidan mai unguwa, ta ci gaba a sauran gidaje. Muka bi su maƙabarta a kan ɗan tudun da ruwa bai ci ba. Uban yaron ya ɗauko shi a hannu cikin guntun farin ƙyalle. Bai dube mu ba, mu ma ba mu iya dubansa ba. Da muka dawo, matar mai unguwa ta aiko mana da kunu a ƙwarya sabuwa, na geron rumbun, domin mu baƙi ne. Ba a mayar da abincin gidan makoki. Muka sha.

Washegari kafin mu shiga kwalekwale Alhaji ya tara mutanen garin. Bai yi jawabi ba. Ya ce rabin geron yana nan, su zaɓi waɗanda za su riƙa buɗewa da rufewa ba sai an je Azare ba, kuma a faɗi sunayensu da ƙarfi kowa ya ji. Suka zaɓi mai unguwa da liman. Sai wata murya daga bayan zana ta ce a sa ungozoma, ita ce ke shiga kowane gida, ita ta san inda ba a hura wuta ba. Liman ya ce gaskiya ne. Tsohuwar ta ce ita ba ta hawa tsani. Aka kawo mata lakar a ƙasa ta dafa tafinta a kai, mai unguwa ya hau ya liƙe.

Dawowa ta fi sauƙi, hanya ta bushe, mai gadin Gadau har ɗaga mana hannu ya yi. A cikin lori na yi ta tunanin yadda muka ɓata zama bayan zama a kan sunan ƙungiya da wanda zai zauna a kujerar gaba, ba mu taɓa tambayar wa zai yanke magana in shugaba ba ya nan ba. Ba mu tambayi mutanen da muke son taimaka wa yadda suke buɗe rumbu a garinsu ba. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ƙarya. Mataimaki ya girmama shugaba, mai unguwa ya riƙe amana, kowa ya yi abin da aka rene shi a kai. Abin da na koyo shi ne niyya mai kyau da hatsi mai kyau ba su isa su zama ƙungiya ba. Sai an raba aiki, an ba kowane aiki mai shi, an gaya masa a gaban mutane cewa ba sai ya jira kowa ba.

Mun iso Azare ana shirin sallar magariba. Ranar Juma'a aka yi taro, na zauna a wurina kusa da ƙofa. Bayan addu'a ga yaron, wani tela ya kawo shawarar a gina rumbu na biyu wajen Giade da kaka mai zuwa. Mutane suka yi na'am. Mataimaki ya ce a sa rana, kuma kamar na farko, Alhaji ne zai liƙe shi da hannunsa mai albarka.

Alhaji ya janye hannayensa cikin riga. Ya ce, "Ku fara gaya mini wanda zai buɗe."