Hannun da ya raɗa wa jiragen tsibirin Carriacou suna

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta. To, ta yau dai mai ita yana raye.

Shekara arba'in da shida, da hantsi, Kawu Cuthbert kan sauko bakin teku da gwangwanin fenti da buroshinsa, ya zauna bayan sabon jirgi mai filafilai, ya rubuta masa suna, ya rufe da ƙyalle sai ranar turawa ruwa. Shi ya rubuta "Ku Biyo Baya", maƙwabci ya rama da "Ina Za Ka?", gari ya yi wata guda yana dariya. Yanzu ido ya yi hazo, hannu na rawa.

Aikinsa na ƙarshe na Leroy ne, ɗan Merle, wadda teku ta cinye mijinta da jirginsa, "Sai Na Dawo". Leroy ya sassaƙa nasa jirgin, ya ce sunan jirgin ubansa yake so. Mu kuwa ba ma maimaita sunan jirgin da ya nutse, teku ta riga ta san shi. Merle ta daina cin abinci.

"Ba zan rubuta ba, ɗana."

"Kawu, ka ce dai ba ka gani. Camfin tsofaffi."

"Ba na gani, gaskiya ne. Amma na ga uwarka, ta koma kamar sanda."

"To me zan sa? Sunan akuya?"

"Bar ni da shi."

Kwana uku ya yi a kan harafi biyar, hancinsa na gogar katako. Ran tura jirgin cikin ruwa aka yanka akuya, aka yaye ƙyalle: MERLE, a karkace.

"Teku ta ci nata sau ɗaya," in ji Kawu, "za ta ji kunyar ta sake."

Wani ya ce a miƙe rubutun. Leroy ya ce duk wanda ya taɓa, su haɗu.

Kawu, kai ne ka san suna ba ado ba ne, na masu jira a tudu ne. Mun gode. Masu tasowa, ku je ku koya tun yana iya faɗa.

Leroy na fita kamun kifi. Merle na cin abinci, tana kuma tsayawa bakin ruwa. Kawu Cuthbert yana gida, ba ya ganin teku, sai dai ya ji ta.