Ranar da Aka Gyara wa Baba Jagorarsa

Shekarar da nake makarantar horon malamai a Diffa, aka kawo mana wayoyi masu faɗi da manhajar tatsuniyoyin yara a ciki. Kana taɓa hoton kura ko na gizo, sai muryar wata tsohuwa ta fara ba da labari. Malamarmu ta ce kowa ya rubuta jagora, wato 'yan shafukan da za su nuna wa malamin ƙauye yadda zai yi aiki da abin a aji. Sai 'yan ajinku sun karanta sun faɗi ra'ayinsu, sannan a kai ka gwaji gaban yara da sufeton makarantu.

Da sauƙi a baki. Amma a ajinmu akwai Baba.

Baba Babarbare ne, gemunsa ya fara furfura. Ya daɗe yana koyarwa a ƙauyukan Tumur da kwantiragi, ba shi da takardar malanta. Da zama ya gagara can saboda hare-haren 'yan bindiga, ya kwaso iyalinsa zuwa Diffa, aka ce in yana son ya sake samun aji, sai ya zauna benci ɗaya da mu. In ya faɗi wannan gwajin, shi da alli sun rabu ke nan. Ni kuwa tun ina ƙarama na san shi. Mu mutanen Damagaram ne, kasuwanci ya kawo mu, kuma duk shigowarsa gari a shagon mahaifina yake sauka. Durƙusawa nake in gaishe shi.

Jagorarsa ta zo hannuna, rubutu tsaf kamar na inji. Ga abin da ya tsara a ciki. Yara su harɗe hannu su yi shiru. Malami kaɗai ke taɓa waya. Wanda ya yi magana a fitar da shi. In an gama, a yi dikte, wato shifta.

To, tsohuwar cikin wayar ba haka take so ba. In ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," tsayawa take ta jira a amsa. A tsakiyar labari akwai waƙa, an bar wa yara gurbin amshi. Tatsuniya ba amshi ai tuwo ne ba miya, kuma na san sufeto ba zai ci ba.

Ranar jin ra'ayi aka zagaya. Wannan ya ce madalla, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai na ce, "Baba, rubutun ya yi kyau." Ban yi ƙarya ba, amma haushin kaina ya hana ni cin abincin rana. Malamarmu, wadda ita ma Baba take kiransa, ta dube mu ɗai-ɗai, ta ce wannan gaisuwa ce ba gyara ba, gobe a sake.

Sai na tuna ajin bai cika ba. Akwai wata Bafulatana 'yar Maine-Sorowa, ta tafi gida suna. Ita ce ƙaramarmu, siririya, bakinta kuwa ya fi reza. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasan da kakanni suka bari: duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya, ba a fushi, ba a kai ƙara, ko da jika ce da kaka. Da yamma na same ta tana kwance kaya, na zayyana mata komai.

Ta ce, "Ke nan ku duka kun ga rami, kun ce masa a sauka lafiya?"

Na ce, "Abokin babana ne. Da wane bakin?"

"Bar ni da shi," in ji ta, tana murmushin da ya sa na fara tausayin Baba.

Da safe, tun kafin ya zauna ta miƙa hannu. "Bawana, kawo takardar nan in ga ko Babarbare ya iya wani abu ban da shanyar tattasai."

Baba ya gyara hula. "Ke 'yar tallan nono, yaushe kika rabu da wutsiyar saniya har kika koyi karatu?"

Ba ta ce jagorar ba ta da kyau ba. Cewa ta yi a gwada ta yadda take, mu ne yara, shi ne mushe, wato malam. Muka harɗe hannu. Baba ya taɓa hoton kura.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji tsohuwar.

Shiru. Tsohuwa na jira, mu ma muna jira. Can wani jaki ya yi kuka a bayan katanga, wani ɗan ajinmu ya ƙyalƙyale. Bafulatana ta ɗaga yatsa. "Mushe, ya yi magana. Takarda ta ce a fitar da shi." Baba ya duba takardarsa, ya nuna masa ƙofa. Wata ta ce ai jakin ne ya fara, ita ma aka kore ta. Kafin a kai waƙar rabin aji na taga suna leƙe, tsohuwa na rerawa ita kaɗai, tana barin gurbi, ba mai cikawa.

Bafulatana ta sauke hannu ta ce, "Bawana, wannan zaman makoki ka shirya. A makokin ma ana cewa amin."

Na rufe ido, ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji dariya. Baba ya yi ta yi har da share hawaye da bakin riga. Da ta lafa, ya zauna a kan bencin gaba, ya ce a hankali, "Shekarun ƙarshe da na yi can, abin da na fi koya wa yara shi ne shiru, kada a jiwo mu daga hanya. Na saba, har na manta ba haka aji yake ba."

Ni dai hawaye ne suka cika mini ido. Bafulatana ce ta cece mu.

"To nan ba mai neman ka," ta ce. "Ko kyauta aka ba da kai, wa zai ɗauka?"

Shi ke nan bakin kowa ya buɗe. Wani ya ce a zaunar da yara da'ira a kan tabarma. Wata ta ce yaro ya riƙa zaɓen tatsuniyar da yatsansa. Ni ma na ce a tsayar da labarin kafin ƙarshe, yara su faɗi yadda suke zaton kura za ta ƙare. Ya dube ni ya rubuta. A kan dikte ne ya kafe, ya ce sai dai bayan ransa. Aka yi ta ciniki, har ya yarda yara su zana kura su rubuta sunanta a ƙasa.

A Shetimari aka yi gwajin, lokacin shanyar tattasai, ko'ina ja wur, kowa na atishawa har sufeton. Mu muna baya muna kallo. Wata yarinya ta taɓa kura, tsohuwa ta yi kiranta, yara suka dube Baba suna jiran izini. Ya buɗe hannuwa biyu. "Ta zo mu ji ta!" Har kwanon rufin ya amsa. Da aka zo waƙa Baba ya kama tafi, nasa dabam na yara dabam, bai damu ba. Malamin ajin kusa ya leƙo zai yi ƙorafi, ya ga sufeto na amshi, ya koma.

Baba ya ci gwajinsa. Da ya zo shago yi wa mahaifina albishir, na kawo masa ruwa na durƙusa. Ya ce, "Alhaji, 'yarka ta iya aike." Na rasa inda zan sa kaina. Ya ƙara da cewa, "Gobe kawo mini taki jagorar. Ni ba ni da 'yar aike, da bakina zan faɗa." Kuma ya faɗa, bai rage mini komai ba.

Yanzu yana koyarwa a wata lakwal, makarantar firamare, kusa da kogin Komadugu. In wani ya tambaye ni wane ne ajinsa, ba na wahalar kwatance. Cewa nake ya tsaya a bakin hanya ya saurara.