Ɗorawa Biyu a Gonar Alhaji Sale

Har yau ban manta da safiyar da wata tsohuwa ta shigo ofishinmu na wucin gadi a Malumfashi tana tambayar wanda ke sa hannu a takardu ba. A lokacin ni ne daraktan cibiyar binciken shari'a da fasahar zamani ta jami'armu. Ku da kuka zo cibiyar daga baya, aikin darakta ba wani abin birgewa ba ne. Wasu su yi bincike, wasu su rubuta manhaja, kai kuma ka sa hannu. In abu ya yi kyau na kowa ne, in ya ɓaci naka ne.

Aikin da ya kai mu can na rage rikicin iyakar gona ne. Mai gona ya riƙe waya ya zagaye gonarsa a ƙafa, maƙwabta da mai unguwa suna biye da shi, manhajar tana zana layi. Bayan nan mu buga masa takarda mai taswira. Mun faɗa, mun sake faɗa, cewa takardar bincike ce, ba ta mallaka ba ce. Amma takarda mai tambarin jami'a da sa hannun farfesa, wa zai tsaya sauraron wannan bambancin?

Dakta Ngozi, shugabar sashen manhaja, haifaffiyar Funtua da Hausarta ta fi tawa gishiri, ita ta nuno ni da baki. Tsohuwar ta ce sunanta Dije, daddawa take yi a wani ƙauye ta wajen Tsiga. Ta ƙare mini kallo.

"Kai ne ka ba Alhaji Sale ɗorawata?"

Na ce, "Iya, ni ko tsinke ban ba kowa ba."

"To takardarka ta ba shi. Ya ce masu inji za su zo su sare, wai tana tare wa tarakta hanya."

Na ba ta kujera. Gaskiya son sani ya fi tausayi yawa a raina a wannan lokacin, domin na shekara ashirin ina koyar da dokar ƙasa ban ci karo da irin wannan ba sai a gefen littafi. Na ce ta warware mini yadda bishiya ke zama tata a gonar wani. Ta ce mahaifinta ya ba ta ɗorawa biyu tun yana raye, a gaban mutane, gonar kuma ta faɗa hannun wanta a gado. Wan ya sayar wa Alhaji Sale, wani mai fataucin hatsi a Funtua, kuma Alhajin ya san da maganar, domin shekara uku tana ɗibar 'ya'yanta bai ce uffan ba.

Na ce, "Ganyen da ya zuba fa?"

"Na gona ne, taki ne."

"Inuwar?"

Ta yi dariya. "Malam, kai a garinku ana raba inuwa?"

Na jawo kwafin takardar Alhaji Sale. A ƙasan taswirar ga jimlar nan zaune: gonar da duk abin da ke cikinta. Ni na rubuta ta da hannuna. Daga takardun cinikin fili na lauyoyi na ɗauko ta, na juya ta zuwa Hausa, har ina jin daɗin yadda ta zauna. Dakta Ngozi ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, ta ce, "Farfesa, wannan dai ba laifin manhaja ba ne." Na ce mata ita ma gurbin suna ɗaya tak ta bar wa kowace gona a manhajar. Aka yi kunnen doki.

A ƙa'ida sai na fara sanar da kwamitin ɗa'ar bincike a rubuce kafin in janye kowace takarda. Na kira shugaban kwamitin a waya, ya ce in rubuto za su zauna mako mai zuwa. Na ce masa injin sare itace ba ya jiran zaman kwamiti. Ya ce to in je, amma kaina na ɗora wa. Muka ɗauki Iya Dije a motar cibiya.

Tun daga bakin hanya muka jiyo ƙarar injin. Kafin mu isa, ɗorawa ɗaya ta riga ta kwanta. Kunya ta rufe ni, domin ko ba a faɗa ba kowa a wurin ya san hannun wa ke kan takardar. Alhaji Sale ya tare mu da fara'a, ya zaro ta daga aljihu a cikin leda.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. A da ina bar mata saboda ban san dokar ba. Yanzu jami'a ta ce duk abin da ke ciki."

Na ce, "Alhaji, ba jami'a ba ce, ni ne, kuma kuskure na yi."

Na juya ga mai unguwa, na tambaye shi me ya hana su faɗa ranar awo. Ya ce, "Ai ba a tambaya ba. An ce wa ke da gona, muka ce Alhaji. Da an ce wa ke da ɗorawa, da mun ce Dije." A gaban kowa na soke jimlar da biro, na rubuta sunan Dije a taswirar, daidai bishiyar da ta rage. Alhaji Sale ya ɓata rai, amma da mai unguwa ya tuna masa shaidun ciniki suna nan da ransu, ya sallami masu injin, ya ce itacen da ya faɗi Dije ta kwashe.

Bayan haka muka janye takardun da muka raba gaba ɗaya, muka sake zagaye. Abin da muka tarar ya cika mana littafi: rijiyar wani a gonar wani, hanyar shanu, kanyar da gida uku ke ci bi da bi. Abin da na koya shi ne, a wannan aikin namu tambayar da ba ka yi ba ita ke cutar da mutum, kuma mutanen karkara sukan gane halin takarda kafin mu gane halin gonarsu.

Ranar nan a gonar Alhaji Sale, ina rufe biro Iya Dije ta riƙe mini hannun riga, ta nuna inda aka sare.

"Ka rubuta biyu."

Na ce, "Iya, ɗaya ce ta rage."

"Kututturen ma nawa ne. In ya yi toho, kada wani ya zo ya ce takarda ba ta san da shi ba."

Na buɗe biro na rubuta biyu.