Tafin da Aka Share daga Kaset ɗin Ziblim

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Sabonjida a Tamale ya san shagon Ziblim Tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Ɗan shago ne a gindin darbejiya, da keken ɗinki na ƙafa wanda ya girmi yawancin masu wucewa, da wata baƙar rakoda a kan kanta. An haifi Ziblim a shekarar 1953, ya koyi sana'a a hannun kawunsa, ya kuma shafe shekara hamsin yana ɗinka rigunan 'yan makaranta da kaftanin Salla. Bai taɓa busa ƙaho ba, bai taɓa riƙe sandar ganga ba. Abin da ya iya bayan ɗinki shi ne sauraron kiɗan jaz, kuma ya ɗauke shi da muhimmanci kamar sana'a ta biyu.

Ta hanyar allura ya shiga wannan harka. A 1976 akwai wasu makaɗa huɗu da ake kira Tsuntsayen Kaladan, waɗanda ke wasa duk ranar Lahadi da yamma a filin wani gidan rawa mai shingen kwano. Yidana ne mai ƙaho kuma shugaba, Usumanu yana kan ganguna, Abdul-Nasir yana rungume da ƙaton bas, wato molon Turawa mai kaurin murya, da ya kusa fin shi tsawo, Sala kuwa tana kan wani fiyano da maɓallansa biyu suka mutu, ta kuma koyi kewaye su har ba mai ganewa. Ziblim ya ɗinka musu riguna masu ruwan ƙwai, shi ya sa mai gadin ƙofa ba ya tsayar da shi. Wata Lahadi ya ari rakodar wani direba da ke zuwa Kumasi, ya ajiye ta a kan benci kusa da makaɗan, ya ɗauki wasan tun daga farko har kaset ya cika. Ba a sake ɗaukar Tsuntsayen Kaladan ba. Bayan 'yan shekaru gidan rawar ya zama wurin ajiye masara, makaɗan suka watse, uku daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya.

Kowace Lahadi bayan la'asar Ziblim yakan kunna kaset ɗin, kuma wanda ya zo karɓar ɗinki a lokacin sai ya zauna ya sha bayani. Yakan ce kiɗan jaz kamar aikin wuyan riga ne da ba a zana ba: kowa ya san inda za a fara da inda za a ƙulle, amma abin da ke tsakani sai hannun mai yi. Yakan ɗaga yatsa ya ce a saurari yadda Abdul-Nasir ke tafiya a ƙasa kamar dattijo mai zuwa masallaci, ba gaggawa, ba tsayawa, da yadda Usumanu ke amsa wa ƙaho irin amsar da makaɗan kalangu ke yi wa juna a gidan suna. Ya san inda aka yi tafi, da inda wani ya yi tari sau biyu, da inda kujera ta faɗi mutane suka yi dariya. A wurinsa waɗannan duka cikin kiɗan suke, domin makaɗan suna jin su suna amsawa.

Wurin da ya fi so yana cikin kiɗa na uku. Yidana ya hau sama da ƙaho, sai muryar ta karye masa. Maimakon ya ɓoye kuskuren, sai ya maimaita shi sau uku da gangan har ya zama ado, Sala ta ɗauke shi a fiyano ta mayar masa. A daidai nan wata murya ta mace takan tashi daga cikin jama'a: “Yidana, sake, don Allah…” Sauran maganar tafi ya haɗiye ta.

A kan wannan murya Ziblim da matarsa Basiratu suka yi shekara arba'in da shida suna gardama. Shi ya rantse muryarta ce. Ita kuwa, 'yar malami wadda ta je Makka ta dawo, takan ce ba ta taɓa taka gidan rawa ba. Kunu kawai take sayarwa a bayan shinge, kuma a lokacin ba ta ma san da wani tela a duniya ba, sai da iyaye suka haɗa su bayan shekara guda. Idan ya kunna wurin ya dube ta, takan ci gaba da tsince wake ta ce matan Tamale masu babbar murya ba su ƙirguwa. Ba ya jin haushi. Gardamar tana masa daɗi kusan kamar kiɗan.

A damunar 2023 kaset ɗin ya fara ciwo. Ƙahon Yidana ya riƙa lanƙwasa kamar mai jin barci, wani baƙin gari yana zuba daga zaren. Jikarsa Shahida, malamar asibiti da ke zuwa a kan babur ɗinta duk ƙarshen mako, ta ce akwai wani Awal a unguwar Kalpohin mai situdiyo wanda ke mayar da tsofaffin kaset cikin waya. Ziblim ya yi mako biyu yana ja da baya.

“Yaba,” in ji Shahida, domin haka take kiran kakan nata da Dagbanci, “ko dai ka ba ni shi, ko ka ci gaba da kunna shi har ya zama toka. Ka zaɓa, angona.”

Ya naɗe kaset ɗin a cikin ƙyallen shadda ya miƙa mata, ya kuma raka ta har bakin titi yana faɗa mata ta guji ramuka.

Awal mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai tsabtar aiki, kuma sunan da ya yi a gari ya yi shi ne a kan abu guda. Malamai suna kawo masa tafsirin azumi, iyaye suna kawo masa walimar aure, kuma kukan kowa iri ɗaya ne: a cire ƙarar babura, a cire kukan awaki, a cire surutun mutane, a bar murya fes. Da ya ga halin da zaren yake ciki, ya gaya wa Shahida cewa sau ɗaya kawai zai iya juyawa, kuma haka aka yi. Yana kaiwa ƙarshe ya tsinke ya dunƙule. Amma kiɗan ya riga ya shiga kwamfuta. Awal ya saurara, ya ji tari da dariya da kujera da wata mata tana ihu, ya tausaya wa tsohon da ya yi shekaru yana fama da wannan hayaniya. Kwana uku ya yi yana aiki. Da ya gama, ya goge kwafin farko kamar yadda ya saba don kwamfutarsa ta samu wuri, ya hau babur ya kawo aikin da kansa.

Ya durƙusa ya gaida Ziblim yadda ake gaida manya, ya jona waya da lasifika, ya ce, “Baba, yau za ka ji shi kamar yanzu aka buga.”

Gaskiya ne, ƙahon ya fito tas. Ziblim ya fara gyaɗa kai. Kiɗa na farko ya ƙare, sai shiru. Ya jira tafi, tafi bai zo ba. A kiɗa na biyu Usumanu ya buga wata 'yar amsa da ganga, amsar da ya ba kujerar da ta faɗi, amma yanzu ba kujera, sai ganga tana magana ita kaɗai. Da aka zo kiɗa na uku Ziblim ya ajiye almakashi. Yidana ya karye, ya maimaita sau uku, Sala ta amsa, sannan ba kowa.

“Ina mutanen?” in ji shi a hankali.

Awal ya yi murmushi ya ce duk ya share su, ko tari ɗaya bai bari ba. Sai da ya ga fuskar tsohon murmushin ya gudu. Shahida ta tambayi Awal ko kwafin farko yana nan, ya ce ya riga ya goge shi. Basiratu, wadda ke zaune a bakin ƙofa, ta ce to Alhamdu lillahi, an huta da wannan mara kunyar mai ihu. Amma da ta dubi mijinta, ta tashi ta shiga gida.

Kwana biyu Ziblim yana ta taka keke kawai. Bai zagi Awal ba, domin ya san mutumin aikinsa ya yi, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. A rana ta uku yana cikin yanka wuyan wata riga sai ya lura bakinsa yana bin kiɗa na biyu, kuma da ya zo wurin kujera ƙafarsa ta buga ƙasa da kanta. Ya tsaya. Ya sake bi daga farko, ya ga babu tafi ko tari ko dariya ɗaya da bai san mazauninsa ba. Ya ɗauko allin ɗinki da takardar siminti, ya kunna wayar, ya shiga rubuta minti da daƙiƙa, da abin da ya kamata a ji a kowane wuri. Sannan ya aika wa Awal cewa tunda shi ya kori jama'a, shi zai zo ya ɗauke su idan sun dawo.

Ranar Lahadi bayan la'asar tsakar gidan Ziblim ta cika. Ya gayyato tsofaffi goma sha ɗaya da suka taɓa zuwa gidan rawar, wasu yanzu ladanai ne, wasu sun yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma kowannensu ya ce ya zo ne kawai don ya taimaki maƙwabci. An ɗauko Usumanu mai ganga daga unguwar Kaladan a cikin yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, gwiwoyinsa sun ƙi, amma yatsunsa ba su daina motsi a kan sandarsa ba. Awal ya kafa makirfo biyu, ya kuma roƙi a kori awaki. Ziblim ya ce a bar su, ran nan ma akwai akuya.

Ya tsaya a gaba da sandar awo a hannu kamar hedimasta. Ya raba aiki: wannan shi ne mai tari, wancan shi zai tura kujera, sauran tafi da dariya. An yi gwaji sau huɗu. Mai tari ya yi tari da wuri, da aka tsawata masa kuma tari na gaske ya kama shi ya ƙi tsayawa. Mai kujera ya tausaya wa kujerar ya kwantar da ita a hankali, Usumanu ya ce shi ba zai amsa wa kujerar da ta kwanta kamar amarya ba. Dariya kam ba a sha wahalarta ba. Da ƙahon Yidana ya tashi a lasifika, wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya manta da tafin da aka ba shi.

Saura murya. Ziblim ya leƙa madafa ya tambayi Basiratu ko za ta taimaka. Ta ce tuwo take tuƙawa, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta ari bakin wata ba. Sai aka ba Shahida. Ta yi na farko, ya zo da wuri. Ta yi na biyu, Usumanu ya ce wannan kiran mara lafiya ne a layin asibiti. Ta yi na uku cikin dariya, ya lalace. Ziblim ya share gumi ya ce a yi na ƙarshe, duk yadda ya fito a haƙura.

Awal ya mayar da kiɗan baya. Abdul-Nasir ya taho da tafiyarsa, Yidana ya hau sama, ya karye, ya maimaita, ya maimaita, ya maimaita. Shahida ta buɗe baki, amma an riga ta. Daga ƙofar madafa, da muciya a hannu, murya ta tashi a daidai gurbinta, ba gaba ba baya:

“Yidana, sake, don Allah, tela bai ji ba!”

Tsofaffin suka kwashe da tafi ba tare da an ɗaga musu sanda ba. Ziblim kuwa sandar ta tsaya masa a sama. Shekara arba'in da bakwai yana jin rabin wannan magana, bai taɓa sanin ƙarshenta ba. Sai yanzu ya tuna cewa a daidai lokacin yana sunkuye a kan rakodar direba yana duba ko zaren na juyawa, kuma a kaset ya fara jin abin da Yidana ya yi.

Da kiɗan ya ƙare ya juya ya ce, “Hajiya, ashe daga bayan shinge ana ganin benci.”

“Kwanon ya huje,” in ji Basiratu. “Kuma duk filin kai kaɗai ka zo da kunne ka ba rakoda. Dole mutum ya ji tausayinka.”

Usumanu ya ce shi ya san wannan tun 1976, ba a dai tambaye shi ba ne. Basiratu ta ce masa idan yana son tuwo ya kama bakinsa, ta koma madafa.

Awal ya haɗa tafin da kiɗan a makon da ya biyo baya, ya kuma ajiye kwafi uku a wurare uku. Ya nemi izinin cire kukan wata akuya da ya shiga kiɗa na biyu, aka hana shi. Har yau Ziblim yana buɗe shago da safe, ko da yake raunin idonsa ya sa Shahida ce ke zura masa zare a allurai da yawa ta jere masa na mako. Ranar Lahadi bayan la'asar yakan kunna wayar, ya yi wa wanda ya samu bayanin Abdul-Nasir da Sala da maɓallan nan biyu. Idan aka zo kiɗa na uku yakan ƙara sauti ya dubi bakin ƙofa. Basiratu takan ci gaba da tsince wakenta, ta ce ita dai kunu ta je sayarwa.