Baƙin Yashin Kaskon Inna

Da can, idan ka sauko daga Dutse Uku da hantsi, ƙarar injinan tace kuza za ka fara ji tun kafin ka hango su. Bayan kowace rumfa akwai tulin baƙin yashi yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli. Babu mai gadinsa. Duk mai so ya zo da buhu ya ɗiba. Yau yawancin injinan sun yi shiru, an cike filayen da shaguna da gidajen haya. Tulin ma ya ɓace, amma ba wata hukuma ce ta kwashe shi ba. Cikin bangon gidajen mutane ya shige, da cikin kaskon mata.

Mahaifina lebura ne a ɗaya daga cikin rumfunan nan. Yana zuba ƙasar da aka wanko daga rami, inji ya ware kuza gefe guda, abin da ya saura shi ne wannan yashi mai nauyin tsiya. Da shi ya yi wa ɗakin mahaifiyata filasta, bangon ya yi sumul, ƙusa ma sai da ƙyar take shigarsa. Da shi kuma Inna take suyar gyaɗa. Yashin rafi yana saurin hucewa, wannan kuwa in ya ɗauki zafi sai ya riƙe, gyaɗa ta soyu ciki da waje ba tare da ta ƙone ba. Bayan rasuwar mahaifina kaskon nan ne ya riƙe gidan. Direbobi da teloli har daga Nasarawa Gwom suna aiko da kwalabe a cika musu.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma zama hira da ni. Goggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, ita ta goye ni, kuma duk wata magana mai nauyi tsakanina da Inna ta bakinta take bi. Ban taɓa ganin aibin hakan ba sai da na shiga jami'a.

Ilimin ƙasa da duwatsu na karanta. Na so karatun ƙwarai. A nan na san cewa duwatsun da muke hawa muna yara sun girmi duk wani labari da kakanni suka bayar, kududdufan da ake hana mu wanka a ciki kuma ramukan kamfani ne da ruwa ya cika. Wata rana malaminmu ya shigo aji da wata 'yar na'ura kamar akwatin rediyo, mai allura a fuska. Ya kara ta a jikin wani dutse, ta yi ƙas, ta dakata, ta sake yin ƙas. Sai ya kara ta a kan wani kofi cike da baƙin yashi. Ta ɓarke kamar ruwan sama a kan kwanon rufi.

Ya ce a cikin yashin akwai wasu ƙwayoyi masu fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, ba shi da wari, ba shi da zafi, amma yana ratsa jiki. Ƙurarsa a huhu ta fi muni. Ba yau yake kayar da mutum ba, ba gobe ba, sai bayan shekaru, kuma ba kowa ba. Wani ɗan ajinmu daga baya ya ce, "Oga, ai da shi ake soya mana gyaɗa." Aji ya kwashe da dariya. Malamin bai yi ba, ni ma ban yi ba.

Na roƙe shi ya ara mini na'urar zuwa gida, ya yarda. Na tarar da Inna a tsakar gida tana juya kasko, hayaƙi da ƙura suna tashi daidai fuskarta. Na kunna, na matso da ita kusa da buhun yashi, ta ɓarke. Wannan na zata. Abin da ban zata ba shi ne da na juya zan wuce ta ƙofar ɗakin Inna, ƙarar ba ta tsaya ba. Na shiga, na bi bango da ita har kan gado. Ko'ina haka.

Goggo ta leƙo ta ce, "Kai, wannan rediyon naka bai kama tasha ba."

Na zaunar da ita na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara, fara'arta tana raguwa, sannan ta juya wajen Inna, wadda ba ta fi taku kaɗan da mu ba, ta kuma ji komai.

"Yaya, kin ji abin da ɗanki ya ce. Wai yashin nan cuta ne."

Inna ba ta ɗago ba. "Ki tambaye shi, wa ya ci ya faɗi?"

Na ce wa Goggo ba haka yake yi ba, a hankali yake cin mutum, sai an daɗe.

"Ki ce masa tsufa ma haka yake yi."

"To ɗakin fa, Yaya? Ya ce bangon ya fi kaskon."

Nan ne ludayin ya tsaya. Ta ce, "Ubansa ne ya shafa bangon nan da hannunsa." Ta ci gaba da juyi. Da a ce abokiyar karatuna ce, da na zauna gabanta na yi ta musu har ta gaji. Amma mace ce da ban taɓa haɗa ido da ita na tsawon numfashi biyu ba. Na kashe na'urar na mayar da ita jaka.

Goggo kuwa abin ya shige ta. Don tausayi, ba don tsegumi ba, ta gaya wa mata a bakin famfo, ta gaya musu a gidan suna. Abin da unguwa ta riƙe daga maganar guda ɗaya ne: ɗan Inna na jami'a da kansa ya auna gyaɗarta ya ce akwai cuta. Kwalabe suka daina zuwa. Masu saye suka koma gidan da ke kallon namu, inda ake suya da yashin da aka ɗebo daga tuli ɗaya da namu, don matar gidan can babu wanda ya auna nata. Na bi shagunan teloli ina cewa ba gyaɗar Inna ba ce matsalar, yashin ne, na kowa da kowa. Suka ce, "Allah ya ƙara ilimi, Malam," suka ci gaba da taka keke. Na ɗauko mata yashin rafi a buhu. Ta gwada, gyaɗar ta fito rabi ɗanya rabi ƙonanna, babu kuma wanda ya dawo ya ɗanɗana. Ba a daɗe ba ta kife kaskon a bayan madafa.

Aiki ya kai ni ƙasashe bayan haka. A Malesiya na sake ganin yashin nan, su ma ƙasar kuza ce, suna kiransa amang. Wurin da aka kai ni an kewaye shi da waya, ma'aikata sun rufe hanci da baki, ga allon gargaɗi a ƙofa. A kudancin Ingila na ga tsofaffin ramukan kuza an mayar da su wurin yawon buɗe ido. Na yi bayanin wannan yashi da Turanci da Faransanci a gaban mutanen da ban sani ba, suna rubutawa, suna gyaɗa kai. Kowace dawowa kuma sai in zauna a tabarmar Goggo in sake aika saƙo ɗaya, amsa ɗaya ta dawo.

Da na samu hali na gina wa Inna sabon ɗaki a ƙuryar gidan, da yashin da na auna da kaina. Ta ce wa Goggo, "Ki ce an gode, Allah ya yi albarka." Ta zuba buhunan masara da tukwane a ciki.

Tari ya kama ta a ƙarshe. Na tambayi likitan ko yashin ne. Ya ce zai iya zama shi, zai iya zama hayaƙin itace, zai iya zama shekaru, babu gwajin da zai raba masa su. Ni ma da duk karatuna ban sani ba, har yau.

Abin da na sani shi ne Inna ba ta ƙara soya gyaɗa ba, tsohon ɗakin kuma ba ta bar shi ba sai ranar da aka fitar da ita.