Mudassiru, Wanda Ya Kori Taro Daga Garinsu

A Bagudo har yau akwai masu cewa Mudassiru ɗan kabu-kabu ne ya yi wa gari baƙin ciki, ya kori taron ƙasa da ƙasa da bakinsa. Masu faɗin haka babu wanda ya taɓa zuwa zaman Laraba ko sau ɗaya. Ni akawu ne, ni nake riƙe wa zaman littafi, kuma da izinin Mudassiru nake rubuta wannan.

An haife shi a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a kwalekwale, amma a shekarar 2011 Mudassiru ya ajiye tarun kamun kifi ya hau babur. Yana ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Bagudo da ƙetaren iyakar Benin, hanya ce mai cin baya da ƙugu. Abokan sana'a suka nuna masa taramol. Ya fara da ƙwaya ɗaya don gajiya, cikin shekara shida ya kai inda ba ya iya tayar da babur sai ya haɗiya. Wata ranar kasuwa ya ɗauko gwaggonsa zuwa Matsinkai, tsohuwar ta faɗo a wani kwazazzabo, shi kuwa ya ci gaba da tafiya yana ba ta labari. Sai da ya isa ya waiwaya ya ga ba kowa a bayansa. Ƙugunta ya karye, har ta rasu da sanda take tafiya.

Bayan wannan ya ɓace wata huɗu. Ashe yana Segbana, can cikin Benin, inda wani kafinta mai suna Bunyaminu yake tara waɗanda suka daina shan ƙwaya a bayan shagonsa. Ƙungiya ce mai rassa a Benin da Nijar da Najeriya, kuma dokokinta kaɗan ne. Mutum ya faɗi sunansa na fari kawai, ban da na uba, ban da sana'a. Ba a ɗaukar hoto. Abin da aka faɗa a zama, a nan ake barinsa.

Ranar Laraba uku ga Oktoba 2018, bayan la'asar, Mudassiru ya buɗe irin wannan zama a bayan wata rumfar albasa. Su uku ne. Da yake shi ke kai ni ofis kullum, ya roƙe ni in riƙe musu littafi, amma da sharaɗi.

"Malam akawu, ka rubuta rana, ka rubuta mutum nawa sunka zo. Suna kam, ko na kare kar ya shiga."

Na shekara ashirin ina cika rajista, ban taɓa riƙe wadda ba ta da gurbin suna ba. Na karɓa.

Da damina ta zo, rumfar ta fara yoyo. Na rubuta wa Alhaji Riskuwa takarda, domin shi ke da ɗakin taron biki da masaukin baƙi a gari, ina roƙon ya ba mu kusurwa ɗaya awa guda a mako. Sau huɗu na rubuta, kwafin duka yana wurina. A ta huɗun ya aiko da amsa ta baki, ya ce kujerunsa na mutane ne, ba na 'yan ƙwaya ba. Na rubuta amsar a bayan kwafin, da kwanan wata.

Zaman ya ci gaba a rumfa. A farkon 2024 sun kai mutum ashirin da uku. A cikinsu akwai wani malamin makaranta da zan kira Ma'azu, ko da yake ba sunansa ba ne. Shekara biyu yana zuwa ta bayan kasuwa, hularsa a aljihu. Matarsa ta sani, surukinsa bai sani ba, shugaban makarantarsu ma bai sani ba.

Ƙungiyar tana yin babban taro duk bayan shekara biyu, kuma gari ne ke nema a ba shi. Wannan karon Gaya ta Nijar ta nema, Segbana ta nema, Mudassiru ya sa na rubuta takarda na nema wa Bagudo. Dalilinsa ɗaya ne. Mutanensa ba su taɓa ganin wanda ya shekara goma bai sha ba, kowa gani yake shi kaɗai ke fama. Yana so su ga mutum ɗari uku a ɗaki ɗaya, su ji da kunnensu. Aka amsa mana cewa wakilai uku za su zo ranar Asabar tara ga Nuwamba su duba masauki, ruwa, hanya, da kuma ko garin zai iya riƙe sirri.

Ban san wanda ya kai wa Alhaji Riskuwa labari ba. Na dai san kalmar "ƙasa da ƙasa" ce ta shiga kunnensa, sauran bayanin bai samu wuri ba. Cikin kwana uku ya kafa kwamitin tarba na mutum goma sha ɗaya, ya naɗa kansa uban ƙungiya. Babu ɗaya a cikinsu da ya san ranar da ake zama. Mutumin da kujerunsa suka fi ƙarfin 'yan ƙwaya ya aiko mota a ɗauko Mudassiru, ni ma na bi.

"Muda ɗana! Ashe wanga babban aiki kake yi ba ka faɗa mini ba? Ɗakin taro naka na, masauki naka na."

"Mun gode, ranka shi daɗe. Amma wanga taro ba a shelarsa. Baƙin za su zo su duba, su sha ruwa, su tahi. Ba hoto, ba kiran suna."

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Kai ji yaro! Baƙi daga ƙasa ukku su shigo Bagudo kamar ɓarayin awaki? Mi za a ce da mu? Akawu, kawo mini sunayen yaran nan, a karrama su."

Na buɗe masa littafin. Ya bi shafi bayan shafi yana ganin kwanan wata da lambobi. Ya tura mini shi ya ce ashe har akawun ma ya fara sha. Mudassiru ya sake roƙonsa, har ya durƙusa. Alhaji ya dafa kansa ya ce ya ji, ya kwantar da hankalinsa.

Sunayen da littafina bai ba shi ba, teburin mai shayi ya ba shi. A garin nan ana sanin wanda ke bin bayan kasuwa ranar Laraba, ba a dai taɓa faɗa da ƙarfi ba.

Ranar Asabar wakilan suka iso ƙarfe goma da minti arba'in, a kan babura, Bunyaminu kafinta a gaba. Mutanen zaman Laraba goma sha tara sun zo tarbarsu, domin an ce musu cikin ɗaki za a gaisa a rufe ƙofa. Muna karya kwana muka tarar da rumfuna uku cike da jama'a, da lasifika, da wani ƙyalle mai tsawon bango. A jikinsa an rubuta maraba da tubabbun 'yan ƙwaya na duniya, hoton Alhaji Riskuwa ya cinye rabinsa. 'Yan kwamiti sun yi anko. Kowa ya ɗaga waya.

Alhaji ya ɗauko Namadi maroƙi, wanda ya san kakan kowa a garin. A bikin aure ko suna, in Namadi bai kira ka ba, ba ka zo ba, kuma shi a ganinsa mutunci yake rabawa. Ya karɓi lasifika ya fara da Alhaji, ya yi minti goma sha biyu a kansa. Sannan ya zaro takarda.

"Ina Malam Ma'azu, ɗan wane jikan wane, malamin makaranta mai alli! Shekara bakwai yana haɗiya, yau ga shi garau! Fito a gan ka! Surukin Alhaji wane, ga surukinka nan zaune, taso ku gaisa!"

Jama'a suka yi tafi, wasu yara da yake koyarwa suka yi ihu. Surukin yana layin gaba, an ba shi lemo. Ya ajiye kwalbar a ƙasa a hankali. Ma'azu bai fito ba. Ya juya ya bi ta tsakanin baburan da aka jera, bai yi gudu ba, ya tafi. Namadi ya ce kunya ce irin ta malamai, ya wuce suna na gaba. Ya kira goma sha huɗu kafin Mudassiru ya isa wurin injin lasifikar ya zare wayarsa.

Wakilan sun duba ɗakin taro, sun ƙirga ɗakunan kwana, sun buɗe famfo sun ga ruwa. Bayan azahar muka zauna, su uku da Mudassiru da ni, Alhaji ya shigo ba a kira shi ba ya zauna a kujerar tsakiya. Bunyaminu ya yi magana da Hausarsa mai gauraye da Dandanci. Ya ce hanyar Gaya ta yi wuya a bana. Ya ce Segbana ba ta da ɗaki kamar wannan, a filin makaranta za a kwana, ruwa kuma sai an ɗebo. In masauki ake bi, Bagudo ta ci. Abin da ya faru da safe, in Mudassiru ya ɗauki alkawarin ba za a sake ba, za su yarda da maganarsa.

Alhaji ya gyara babbar riga. "To ka ji. Faɗa musu."

Mudassiru ya juya wajen Bunyaminu. Shekara shida yake jiran wannan dama.

"Yaya Bunyaminu, kar ku ba mu. Yau mutum goma sha huɗu anka kira. In kunka kawo ɗari ukku, duka za a kira su, da ubanninsu."

"Kai Muda! Ni za ka tozarta? Ni da nib ba ka ɗaki kyauta?"

"Ranka shi daɗe, ɗakin munka roƙa tun shekara biyar, awa guda. Har yanzu muna so, in babu Namadi."

Alhaji ya tashi ya fita, 'yan kwamiti suka bi shi da ankonsu. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Mudassiru ya sayar da taro ga mutanen Benin. Waɗanda suka yi tafi da safe su ne suka fi zafin rai. Har wani ɗan kwamiti ya tare ni yana cewa 'yan ƙwaya ba su san alheri ba. Na tambaye shi wace rana ake zama, ya ce Juma'a.

Laraba goma sha uku ga Nuwamba na rubuta shida a littafi. Wadda ta biyo, biyar. Mudassiru ya mayar da zaman wata gona a hanyar Kurgu, yana bin mutane gida gida, ba ya sallama da sunan ƙungiya, sai ya tsaya da babur a ƙofa kamar mai jiran fasinja. Ƙofar Ma'azu ya fi tsayawa. Takwas daga cikin Larabobin nan bai fito ba. Ranar takwas ga Janairu ya fito ya hau baya, a ranar na rubuta goma sha ɗaya. Uku daga cikin waɗanda Namadi ya kira ba su dawo ba har yau, ɗaya an ce ya koma sha.

An yi taron a Segbana cikin Fabrairu, a filin makaranta, an kwana a tabarma. Mudassiru ya yi sawu biyar da baburinsa ya ƙetarar da mutum tara, Ma'azu na cikinsu. Ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba, don haka a Bagudo da yawa sun ce ba a yi taron ba.

Ƙyallen Alhaji Riskuwa yana nan. An yanke rubutun an rufe buhunan albasa da shi, rabin mai hoton kuma an rataye a ɗakin taro. Na sake rubuta masa takarda ta biyar a kan awa guda a mako, kwafin yana wurina, amsa ba ta zo ba. Larabar da ta wuce na rubuta goma sha bakwai.